Samarinmu Nawa Ne Ke Da Aiki? Lissafin Anka, Gummi Da Bukkuyum

(Rubutaccen jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa da matasan yankin Zamfara ta Yamma. Mun kawo shi yadda yake saboda 'yan uwa da ba su samu halarta ba.)



Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwana matasa, da waɗanda za su karanta wannan magana daga baya a wayoyinsu, ina yi wa kowa barka da war haka. Na san wasunku tun da sassafe suka baro gida, wasu kuma sai da suka jira aka ce hanya ta yi kyau sannan suka taso. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

An ce in yi magana a kan aikin yi. Na ce to, amma ba zan tara dattawa in ce musu babu aiki ba, don wannan ko yaron goye ya sani. Ni lissafi na zo da shi. So nake mu tashi daga nan kowa ya san lambar da ya kamata ya riƙa tambaya in ana maganar tattalin arziki, ya kuma san lambar da in an karanto masa zai ce a dakata tukuna.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata rana da rani ina jiran mota a mararrabar Daki Takwas, na kusa awa biyu a zaune. Ga 'yan kabu-kabu a ƙarƙashin itace, mashin ya fi ashirin. Duk zaman da na yi, huɗu kawai na ga sun ɗauki fasinja. Sai na kira wani saurayi daga cikinsu, muka gaisa, na ce masa, "Ƙanena, kana da aikin yi?" Ya dubi mashin ɗinsa ya ce, "Alhamdu lillahi yaya, ga shi kana gani." Na ce, "Jiya nawa ka samu?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Jiya dai da nib biya kuɗin mai, nib ba mai mashin nashi, naira ɗari bakwai nik kai gida."

Ku riƙe wannan ɗari bakwai ɗin. In kullum haka yake samu, a wata naira dubu 21 ke nan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ka ga bai kai kashi ɗaya bisa uku ba. Amma a littafin gwamnati wannan yaro mai aiki ne. Su ashirin ɗin nan da ke hamma a gindin itace, duk masu aiki ne.

Yaya aka yi haka? To ku saurara.

A watan Maris na 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahoton watanni ukun ƙarshe na 2020. Ta ce rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 ya haura kashi 53. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, jaridu suka yi ta bugawa. Daga nan aka yi shiru sama da shekara biyu. Sai a watan Agustan 2023 hukumar ta dawo da sabon rahoto, ta ce a watanni ukun farko na 2023 rashin aikin yi kashi 4.1 ne.

Daga 33 zuwa 4. Jama'a, a tsakanin nan an buɗe masaƙar Gusau? An gina kamfani a Nasarawar Burkullu ban ji ba? Babu ko ɗaya. Mudun awo aka sake.

A tsohon lissafi, wanda ya yi aikin awa 40 ko fiye a mako shi ne mai cikakken aiki. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39, aikinsa bai ishe shi ba. Wanda bai kai awa 20 ba, cikin marasa aiki ake jefa shi. A sabon lissafi kuwa, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya ci riba, ya zama mai aiki. Ka sauke buhu biyar ranar kasuwa aka ba ka na goro, shi ke nan ka shiga sahu.

A nan sai mu yi adalci. Hukumar ba ƙarya ta yi ba. Ma'aunin da ta ɗauko na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, wanda masana suka sabunta a 2013, kuma ƙasashe da dama da shi suke aiki. Ita kanta hukumar, a cikin rahotannin nata, ta rubuta cewa sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kira masu aiki, aikin nasu na faɗi-tashi ne, babu takarda, babu fansho, babu tabbas. Sai dai wannan layin ba shi ake karantowa a rediyo ba. Kashi 4 ɗin ake karantowa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wannan ma'auni ya fi dacewa da ƙasa irin Jamus ko Ingila, inda in mutum ya rasa aiki gwamnati ke ba shi abin da zai ci har ya samu wani. Can mutum yana iya zama wata uku yana aika takardun neman aiki. Mu nan wa zai ba ka? In ka zauna yau, yau ɗin za a kwana da yunwa a gidanku. Shi ya sa talaka ba ya samun sukunin zama "marar aikin yi" irin na littafi. Dole ya tura baro, ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ko da abin da zai samu bai kai kuɗin tiyar gero ba. Wanda ke iya zama ya jira, ɗan wanda ubansa ke da abin ciyar da shi ne. Ku duba rahotannin za ku gani, rashin aikin yi ya fi yawa a birni kan ƙauye, ya fi yawa ga masu digiri da difloma kan waɗanda ba su yi boko ba.

Kuma ga abin mamaki game da jiharmu. A wancan rahoto na 2020, mai kashi 33 ɗin nan, Zamfara tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin marasa aikin yi a duk faɗin ƙasar nan, kusan kashi 13 kawai, alhali jihar Imo ta haura 56. In wani baƙo ya karanta wannan sai ya ɗauka nan ne Dubai. Amma a shafi na gaba, waɗanda aikinsu bai ishe su ba a Zamfara sun haura kashi 40, muna sahun gaba a ƙasa. Sannan binciken da hukumar dai ta yi a 2018 zuwa 2019 ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara na cikin talauci, lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 40. Wato kowa na aiki, kuma kusan kowa na cikin babu. In lamba ta iya nuna ka a sama alhali kana ƙasa, ai ba da ita za ka auna kanka ba.

Bari in kwatanta muku da misali, don abin ya zauna. Mu ƙaddara wani ƙauye ne, a ce a yankin Wuya ko Gwashi ko Gayari, mai samari ɗari cif. Misali ne fa nake yi, ba ƙidaya ba. A ce goma suna makaranta. Ashirin sun tafi cin rani. Sha biyar noman abin da gida zai ci kawai suke yi, ba sa sayarwa, kuma a sabon ma'auni irin wannan noma ba a sa shi cikin aikin samun kuɗi. Sha biyu sun nemi aiki sun gaji, sun daina nema, suna majalisar mai shayi. Arba'in sun taɓa wani abu a makon jiya an ba su ɗan kuɗi. Uku ne kawai ba su yi komai ba amma suna kan nema.

Yadda ake lissafin, za a ajiye 'yan makaranta gefe. Waɗanda suka tafi ba sa nan balle a tambaye su. Manoman cin gida, in ba su ce suna neman wani aiki ba, a gefe. Waɗanda suka gaji da nema, su ma a gefe, don ka'ida ta ce sai kana nema ake kiranka marar aiki. Saura 43. Uku cikin 43, kashi 7 ke nan. Sai a rubuta cewa rashin aikin yi a wannan ƙauye kashi 7 ne. Alhali in ka shiga cikin arba'in ɗin nan ka tambayi wanda aikinsa ke cika masa mako, yake ciyar da shi har ya yi tunanin ajiye iyali, ƙila ka samu goma. Goma cikin ɗari. Wannan ita ce lambar da nake so mu riƙa tambaya: cikin samarinmu duka, har da wanda ya tafi da wanda ya gaji, nawa ne ke da aikin da ke riƙe su?

Wani zai ce, me ya sa samari maza kawai? Ina mata? Ina magidanta? Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ba raina aikinku aka yi ba. Kowa ya san ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da kiwon da kuke yi a cikin gida su ke rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma wannan magana ce da ta cancanci zama nata daban. Na zaɓi samari ne don su ne ganyen da ke fara motsi in iska ta taso.

Ku duba. Magidanci yana da gonarsa ko rumfarsa, yana da abokan ciniki na shekara da shekaru. In abubuwa suka yi tsanani zai rage, amma zai daɗe bai rufe ba. Saurayi kuwa ƙarfinsa ne jarinsa. A gandun ubansa yake noma, in ya yi sa'a yana da 'yar gayauna. In mai gona ya rage noma, ɗan ƙwadago ake fara sallama. In mai shago ya ga ciniki ya ja baya, yaron shago ke fara tafiya. In kuma abubuwa suka fara gyaruwa, shi ake fara kira, don shi ne mai ƙarfi kuma shi ne mai araha. Saboda haka tun kafin wani rahoto ya fito daga Abuja, in kana son sanin inda tattalin arzikin gari ya dosa, je ka dubi majalisar samari da ƙarfe goma na safe ranar da ba kasuwa. In ta cika, akwai magana. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda ba za ta yi ba ma haka.

Yanzu mu zo gida. A ƙidayar 2006, wadda har yau ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, Anka da Gummi da Bukkuyum a haɗe sun haura mutum rabin miliyan. Jaririn da aka haifa a shekarar ƙidayar, yau saurayi ne mai neman abin yi. Wace ƙofa ce a buɗe gare shi? A saninmu ƙofofi huɗu ne samarin yankin nan suka dogara da su tun kaka da kakanni, kuma mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko gona. A jikin lambar motarmu an rubuta cewa noma ne abin alfaharinmu. Amma noma na son mutum ya iya zuwa gonarsa. Yau ƙauyuka nawa ne ba sa noma sai gonakin da ke jikin gari? Nawa ne sai sun biya haraji ga mutanen daji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi? Abin da ya faru a farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba ya mantuwa. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kusa 200. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira da yawa suka baro garuruwansu, kuma duk mun ga 'yan gudun hijirar da suka cika garin Anka. Kowace gonar da aka bari, aikin samari nawa ne ya tafi da ita? Sharar gona, huɗa, noman farko, maimai, girbi, ɗauko amfani, sussuka. Duk ƙwadago ne da ake biya. Kuma ku tuna kwale-kwalen da ya kife a Gummi a watan Satumban 2024, bayan ambaliyar da aka sha a wannan damina. Mutanen da ke ciki gona za su. A hanyar neman halak ɗinsu suka rasu.

Ko da zaman lafiya ma, noman damina wata biyar ne zuwa shida. Sauran rabin shekarar fa? Ga Gulbin Zamfara ya ratsa ta Anka ya wuce Gummi, ga fadamu. Ga madatsar Bakolori a wannan shiyya tamu, tun 1978 aka kammala ta, da filin noman rani sama da hekta dubu 20. Ruwa dai Allah ya ba mu. Abin tambaya, samari nawa ne wannan ruwa ke ba aiki a watan Fabrairu?

Ƙofa ta biyu rami. Lokacin da farashin zinari ya haura dala dubu a kasuwar duniya, wajen 2009, samarinmu suka kwarara haƙa. Ba kwaɗayi ya kai su ba, lissafi suka yi: abin da rami ke bayarwa a mako ya fi abin da gona ke bayarwa a wata. Aka riƙa kawo dutse cikin gida ana daka a turmi, ana niƙa a injin hatsi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce ke kashe yara. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Ita Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Ka ga a shekarar nan, a littafi, iyayen yaran duk masu aiki ne.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tsaro, ba a ɗage ba sai a watan Disambar 2024. Sama da shekara biyar. Tsakani da Allah, an daina haƙa? Kowa a ɗakin nan ya san amsa. Abin da ya canza shi ne wanda ke riƙe da bakin ramin. Aikin ya koma ƙarƙashin mai bindiga, kuma yaron da ke ciki ba zai gaya wa wani mai ƙidaya abin da yake yi ba. Yanzu da zinari ya haura dala dubu uku a 2025, kada wanda ya yi tsammanin wa'azi kaɗai zai hana yaro shiga rami.

Ƙofa ta uku kasuwa da hanya. Kasuwar mako ita ce babban kamfanin ƙauye. Ɗan dako, ɗan kamasho, mai awo, mai yankan nama, mai faci, ɗan kabu-kabu, yaron mota, duk ranar kasuwa suke jira. A watan Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka, aka katse layukan waya. An yi ne don a matsa wa 'yan bindiga, kuma mutane da yawa sun goyi baya a lokacin. Ba hukuncin matakin na zo yi ba. Tambayata ita ce, akwai wanda ya ƙirga samarin da suka rasa abin yi a waɗannan watanni, da inda suka nufa daga baya? Sannan aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka, fasinja ya ragu. Shi ne kuka ji ɗari bakwai ɗin ɗazu.

Ƙofa ta huɗu cin rani. Da can mutum kan tafi bayan kaka ya dawo da ruwan farko, da ɗan kuɗin taki da kayan sallah. Yanzu tafiyar ta zama ba ranar dawowa. Suna Legas, suna Ibadan, suna Abuja, suna ramukan zinari na Osun da Neja, wasu sun tsallaka har Jado a hamadar Nijar lokacin da zinari ya fito can a 2014. Can ɗin ma ƙofar na ƙara tsukewa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan ƙananan hukumominta, aka kama mashina aka murƙushe. Duk wanda aka raba da mashin ɗinsa a Legas, ina kuke jin ya dawo? Nan ya dawo, hannu rabbana.

To in ƙofofi huɗun nan suka tsuke lokaci guda, saurayi ba ya ɓacewa. Wani ne zai ɗauke shi aiki. Akwai mai ɗaukar aiki a cikin daji da ba ya tambayar takardar makaranta, kuma yana biya a hannu. Yana neman mai kai masa mai, mai kai masa burodi, mai ba shi labarin wanda ya sayar da shanu. Wannan kalma ta "infoma" da ta shigo bakinmu, da can mun san ta? Ba ina wanke kowa ba ne. Wanda ya sayar da ɗan uwansa azzalumi ne, kuma dubban samari sun fi shi talauci amma sun riƙe mutuncinsu, Allah ya yi musu albarka. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen Janairun 2024 an ƙaddamar da askarawa sama da 2,600 a jihar nan. Ku auna wannan adadi da yawan samarin da ke zaune, za ku ga tsaro da aikin yi igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Kuma abin ba a nan kaɗai yake ba. A ƙasar Tunisiya, ranar 17 ga Disambar 2010, wani saurayi ɗan shekara 26 mai suna Muhammad Bu'azizi ya cinna wa kansa wuta bayan an ƙwace masa kayan sana'a. Allah ya kiyaye mu da irin wannan ƙarshe. Kafin wata guda shugaban ƙasar ya gudu. Abin lura shi ne yaron nan kayan marmari yake sayarwa a baro. A littafin ƙididdiga mai aiki ne. Lambar ba ta ga abin da ke cin ransa ba.

Akwai kuma mai ɗaukar aiki na biyu, kuma a nan sai mu dubi kanmu, mu 'yan siyasa da magoya baya, ba tare da ware wata jam'iyya ba. In zaɓe ya ƙarato, samarin nan dai muke kwasa a mota. A ba su riga da hula da dubu biyu, su yi ihu, su manna fasta, wasu har a ba su abin da zai gusar musu da hankali. A ma'aunin awa ɗaya, wallahi ranar gangami duk masu aiki ne. Bayan an rantsar, sai a yi bikin rabon tallafi, a ba da mashin hamsin. Ku koma mararrabar nan ta ɗazu. Mashin ashirin na rabon fasinjan da bai ishi biyar ba. In ka ƙara musu hamsin, aiki ka samar ko ɗari bakwai ɗin ka raba gida uku? Mashin ba ya haifar da fasinja. Fasinja na fitowa ne in manomi ya noma ya sayar, in kasuwa ta ci, in hanya ta yi lafiya.

To mene ne abin yi? Ni shawara ɗaya na kawo, kuma ba ta buƙatar kwangila.

Rahoton hukuma yana tsayawa ne a kan ƙasa da jiha, ba ya sauka zuwa ƙaramar hukuma balle mazaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da mazaɓu 31 a ƙananan hukumomin nan uku: goma a Anka, goma a Bukkuyum, sha ɗaya a Gummi. Babu mazaɓar da ba mu da mutane a cikinta, kuma kusan kowa na da waya. Mu ƙirga da kanmu, sau biyu a shekara. Sau ɗaya a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa. Sau ɗaya a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da gaskiya ke fitowa. A kowace mazaɓa a ɗauki gidaje talatin, wasu a cikin gari wasu a ƙauye, kada a zaɓi gidajen 'yan uwa da abokai kawai, kuma kada a tambayi jam'iyyar kowa. Tambayoyi biyar ne:

Na ɗaya, samari nawa ne 'yan gidan nan, daga shekara 15 zuwa 34?

Na biyu, nawa ke gida, nawa suka tafi, kuma wane gari?

Na uku, nawa ke makaranta ko koyon sana'a a hannun wani?

Na huɗu, wanda ke gida, kwana nawa ya yi aiki a makon jiya, kuma abin da ya samu tiya nawa ta gero zai saya a kasuwar garin? Da gero za mu auna, don naira yau ba ita ce naira gobe ba.

Na biyar, gonakin gidan nan, nawa aka noma bana, nawa aka bari, kuma don me?

Sharaɗi guda, kuma ina roƙonku da girman Allah ku kiyaye shi: kada a rubuta sunan kowa, kada a ɗauki hoton kowa, kada a rubuta dukiyar kowa. Lamba kawai. Mun san zamanin da muke ciki, takarda na iya faɗawa hannun da bai kamata ba. Kuma inda hanya ba ta da kyau kada wanda ya sa ransa cikin haɗari. A tambayi mutanen garin da suka fito kasuwa ko suke gudun hijira, a rubuta cewa ba a iya shiga ba. Wannan kansa bayani ne.

In muka yi haka shekara biyu a jere, za mu riƙe abin da babu wanda ya riƙe a yankin nan. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, sai mu ajiye masa takarda mu ce, ranka ya daɗe, a mazaɓar nan samari kaza cikin ɗari ke da aikin da ke riƙe su a watan Maris. In ka hau, zuwa nawa za ka kai ta, kuma ta wace hanya? Za ka buɗe hanyar gona ne? Za ka kawo injin ban-ruwa da rijiyoyin fadama? Za ka tsaya a yi wa masu haƙa ƙungiya da lasisi da wurin niƙa dutse nesa da gidaje, don kada 2010 ta maimaita kanta? Za ka sa a riƙa casar shinkafarmu da matse gyaɗarmu a nan, maimakon a loda su ɗanye a kai wani gari? Ya faɗa da bakinsa, mu rubuta. Bayan shekara huɗu mu sake ƙirgawa. In lambar ta hau, mu yaba masa ko da ba ma ɗasawa da shi. In ta sauka, mu gaya masa ko da ɗan ɗakinmu ne.

Ku kuma 'yan uwana da ke fafatawa a Facebook dare da rana, ga abin fafatawa mai amfani. In wani ya ɗora cewa rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 4, kada ka zage shi, kada kuma ka yi masa tafi. Tambaye shi cikin ladabi: awa nawa, kuma tiya nawa?

Wancan yaro na Daki Takwas, da motata ta zo zan shiga, sai ya biyo ni ya ce, "Yaya, in ka ji inda aka neman lebura, ko na wata ɗaya ne, ka tuna da ni." Mutumin da minti kaɗan baya ya ce mini yana da aiki. Ban samo masa ba har yau, kuma abin na damuna. Irinsa dubbai ne tsakanin Bagega da Gummi, kuma mafi ƙarancin haƙƙinsu a kanmu shi ne mu san adadinsu.

Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu. Allah ya ba samarinmu sana'a mai albarka, ya tsare su daga hannun masu ɓata su. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe ni.